Yadda ake nuna wa ɗalibai hasken da yake fizge elektiron daga ƙarfe, da lissafin turin da yake yi masa

Malamin fizik da ya fara koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare yakan iske darasin haske da elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da suke ɗauke da cajin lantarki, a rubuce cikin littafi, da zane da alƙaluma, amma babu kayan gwajinsa a ɗakin kimiyyar makaranta, idan ma akwai ɗakin. Na daɗe ina yin wannan gwaji a Yamai da kayan da ake samu a kasuwar Katako da shagunan unguwa, kuma zan bayyana yadda ake haɗa shi, da jerin da ya kamata a bi wajen nuna shi, da lissafin da ya wajaba a ɗora a kansa. Dalilin da ya sa nake nace wa lissafin shi ne, idan aka tsaya a kan abin da ido ya gani kawai, ɗalibai sukan tashi da fahimtar cewa haske ya bangaje elektiron ne da ƙarfin turinsa har ya faɗo daga ƙarfen, alhali alƙaluma suna nuna wani abu dabam.

Abin da mai gwajin yake bukatar sani tun farko kaɗan ne. Haske yana zuwa a ƙwayoyi da ake kira foton, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da kuzari da kuma momantum, wato turin da abu mai tafiya yake ɗauke da shi. Gwargwadon gajartar zangon haske, wato tsawon igiyarsa guda, gwargwadon yawan kuzarin ƙwayarsa. Kowane ƙarfe kuma yana da adadin kuzarin da sai an biya shi kafin elektiron ya fita daga jikinsa.

Kayan aiki

Za ka nemi kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfin roba, irin ta mayones, da wayar jan ƙarfe mai kauri wadda masu haɗa wutar gida suke amfani da ita, tsawon santimita 20, da bututun biro da aka cire masa tawada, da kyandir, da takardar alminiyom ta naɗe abinci. Waɗannan su ne za su zama ma'aunin caji. Don samar da cajin kuwa, ana bukatar guntun tiyon PVC na masu aikin famfo, kamar tsawon kamu ɗaya, da hular sanyi ta ulu. Sai sanfefa mai laushi ko soson ƙarfe na wanke tukunya, da guntun gilashin taga, da kwali babba, da tocila, da agogon wayar hannu.

Farantin da za a haska shi ne tutiya, murabba'i mai kamar santimita 8 kowane gefe. Guntun kwanon rufi sabo yana yi, domin tutiya ce aka lulluɓe shi da ita, amma lulluɓin siriri ne, kuma wanda ya goge shi da ƙarfi zai kai ga baƙin ƙarfen da ke ƙasa. Idan tutiya ta gagara, gwangwanin lemo na alminiyom yana maye gurbinta muddin an kankare fentin gefe guda har ƙarfen ya fito fes, domin kuzarin da alminiyom yake nema bai yi nisa da na tutiya ba.

Fitilar ita ce abu mai wahalar samu, kuma a kanta ne yawancin masu gwajin suke yin asarar kuɗi. Ana bukatar fitilar kashe ƙwayoyin cuta mai hasken ultrabayolet na rukunin UV-C, wadda zangon haskenta nanomita 254 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Siriryar kwalba ce garau, ba ta da farin shafe a ciki, kuma idan an kunna ta tana ba da shuɗin haske mai rauni. Irinta ce ake sawa a na'urorin tace ruwan sha da akwatunan tsabtace kayan aski da na asibiti, saboda haka wajen masu sayar da waɗannan kaya ya kamata a nufa. Ƙaramar tocilar da ƴan kasuwa suke duba jabun kuɗi da ita ba za ta yi wannan aiki ba, ko da mai shago ya rantse cewa ultrabayolet ce. Gaskiya ya faɗa, amma zangonta tsakanin nanomita 365 da 395 yake, kuzarinta bai kai ba. Duk da haka ka saye ta idan da hali, domin tana da nata amfanin a mataki na biyar.

Hasken UV-C yana ƙona ido da fata, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan sa'o'i, daidai irin wanda yake kama yaron mai walda da ya kalli wuta babu tabarau. Don haka fitilar a cikin kwali za ta zauna, an yanke masa taga guda da take fuskantar farantin, bayanta kuma yana ga ɗalibai. Mai kunnawa ya sa tabarau na gilashi ko na kariya, da riga mai dogon hannu, kada kuma a bar ta a kunne fiye da yadda gwaji ya bukata. Akwai ɗigon zaiba a cikin kwalbar, idan ta fashe a fitar da kowa a buɗe tagogi.

Mataki na 1: Haɗa ma'aunin caji

Ka wanke kwalbar, ka kife ta a rana har ta bushe ƙayau ciki da waje. Ka huda tsakiyar murfin daidai kaurin bututun biro, ka zura bututun ya tsaya rabi a sama rabi a ƙasa. Ka feɗe robar wayar gaba ɗaya, ka goge ta har ta yi ja, ka zura ta cikin bututun, sa'an nan ka ɗiga narkakken kyandir a bakin bututun sama da ƙasa domin wayar ta tsaya cak. Ƙarshen wayar da zai shiga kwalba ka lanƙwasa shi ya zama ƙugiya ƙarama, na sama kuma ka naɗe shi ya zama matsewar da za ta riƙe farantin a tsaye.

Daga takardar alminiyom ka yanke ganye biyu, kowanne faɗin santimita 1 da tsawon santimita 4. Ka shimfiɗa su a kan littafi ka murje su da bayan farce har su yi sumul, ka huda kowanne a kusa da kai da ƙusa, ramin ya ɗan fi wayar faɗi, ka rataye su a ƙugiyar suna fuskantar juna. Dole ne su riƙa lilo da kansu idan aka girgiza kwalbar. Ganyen da aka matse a jikin waya ba ya buɗewa sai da caji mai yawa, kuma wanda aka ninka daga takarda guda aka ɗora a kan ƙugiya yakan yi tauri a wurin ninkin. Idan takardar da ka samu mai kauri ce, ka rage faɗin ganyen ka bar tsawonsa.

Murfin ƙarfe yana yi idan babu na roba, da sharaɗin wayar ba ta taɓa shi ko kaɗan. Kusurwoyin farantin kuma a zagaye su da almakashin ƙarfe a goge kaifinsu, domin caji yana tsiyaya cikin iska ta wurin tsini.

Mataki na 2: Zaɓen rana da wuri

Mu a nan Allah ya hore mana abin da malaman ƙasashe masu laima suke nema da na'ura, wato busasshiyar iska. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da mayafi yake tartsatsi idan an yaye shi da dare, ma'aunin yana riƙe caji na tsawon mintoci ba tare da ganyen ya motsa ba. Da damina kuwa, musamman a Agusta, cajin yakan zube kafin ka ajiye tiyon, saboda haka duk wanda yake da ikon tsara darussansa ya kai wannan cikin hunturu. Idan dole sai da damina, a shanya kwalbar da tiyon da hular a rana kafin shiga aji, a yi gwajin da tsakar rana.

Hunturu yana da nasa sharrin, wato ƙura. Idan ta kwanta a kan murfi da bututun biro takan zama hanyar da caji yake bi ya gudu, don haka a share su da busasshen ƙyalle. A kashe fanka, a nisanci duk wata wuta mai ci, ko ta kyandir ko ta gawayin mai shayi, domin iskar da ta fito daga harshen wuta tana sauke kowane irin caji.

Mataki na 3: Goge farantin

Wannan shi ne matakin da ake rainawa, kuma a nan ne gwajin ya fi lalacewa. Tutiya da alminiyom suna yin wata siririyar tsatsa da zarar iska ta taɓa su, wadda ido ba ya gani sosai, amma tana hana elektiron fita. Ka goge fuskar da za a haska da sanfefa ko soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, ka kaɗe garin da busasshen ƙyalle mai tsabta, kada ka sa ruwa, kada kuma yatsa ya sake taɓa wurin. Gugar jiya ba ta da amfani yau, ta safe ma ba ta kai wa azahar. A gaban ɗalibai ake yin ta, ana gamawa a shiga gwaji, kuma idan alminiyom ne a maimaita ta bayan kowane gwaji biyu ko uku.

Mataki na 4: Ɗora caji iri biyu

Caji iri biyu ne. Akwai na rara, wanda littafi yake kira negatif, inda elektiron suka yi wa ƙarfen yawa, akwai kuma na giɓi, wato fozitif, inda suka yi masa ƙaranci. Ana bukatar duka biyun.

Domin cajin rara, ka murza tiyon da hular ulu da sauri har ka ji yana ƙara ƙyas-ƙyas, sa'an nan ka ja tsawon tiyon a kan gefen farantin kana juya shi. Dungura shi sau ɗaya ba ya isa, domin roba ba ta sakin caji sai na daidai wurin da ya taɓa ƙarfen. Sabon hannu yakan ruɗu a nan: yana kawo tiyon kusa sai ya ga ganyen ya buɗe, ya ɗauka an yi caji, yana janyewa kuma ganyen ya rufe. Ba a ce an ɗora caji ba sai an kai tiyon nesa ganyen yana nan a buɗe. Idan babu ulu, busasshen gashin kai wanda ba a shafa wa mai ba yana yi.

Cajin giɓi da tiyon nan dai ake samunsa, ba sai an nemi wani abu ba, amma jerin yana da muhimmanci. Ka kawo tiyon da aka murza kusa da farantin ba tare da ya taɓa ba, ganyen zai buɗe. Tiyon yana nan a wurin, ka taɓa bayan farantin da yatsa, ganyen zai rufe, domin elektiron da tiyon ya kora sun bi jikinka sun tafi. Ka ɗauke yatsan tukuna, daga baya ka janye tiyon, sai ganyen ya sake buɗewa, wannan karon da giɓi. Wanda ya janye tiyon kafin yatsa ba zai sami kome ba. Idan ka yi shakkar irin cajin da ke kai, ka matso da tiyon a hankali daga nesa: ganyen da ya ƙara buɗewa na rara ne, wanda ya fara rufewa na giɓi ne.

Kafin a kunna kowace fitila, a ɗora cajin rara a bar shi, ɗalibi guda ya riƙe agogo, a ga ko ganyen zai kai minti biyu ko uku a buɗe. Idan bai kai ba, akwai yoyo, a koma ga murfi da ƙura da tsini. Duk abin da za a nuna daga baya da wannan ma'auni na farko za a gwada shi.

Mataki na 5: Haskawa, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi

Kada a fara da fitilar UV-C, domin idan aka fara da ita an zubar da rabin darasin. A ɗora cajin rara, a haska farantin da tocilar waya, sai babbar tocila mafi haske da aka samu, a matso da ita dab da ƙarfen. Ganyen ba zai motsa ba. Idan akwai jan leza na nuni a allo a gwada shi, sai kuma tocilar duba kuɗi, wadda ɗalibai da yawa za su sa rai da ita. Ita ma ba za ta yi kome ba. Ina ba da shawarar a tambayi ajin tun kafin kowace fitila abin da suke tsammani, a rubuta a allo.

Sa'an nan a kawo kwalin fitilar UV-C, tagarsa tana fuskantar gogaggen gefen a nisan santimita 10 zuwa 15, a kunna. Ganyen biyu za su sauko a hankali kuma a kai a kai har su haɗe, galibi cikin daƙiƙoƙi. Abin lura shi ne wannan fitila a ido ta fi duk waɗanda suka gabace ta rauni.

Ana samun ɗalibi mai kaifin kai da zai ce ai zafin fitilar ne, ko kuwa ta ɓata iskar da ke wurin. Irin wannan ɗalibi a gode masa, domin gwaji biyu na gaba amsarsa ce. A sake yin caji, a tsayar da gilashin taga tsakanin kwalin da farantin ba tare da ya taɓa farantin ba, a kunna. Shuɗin hasken yana ratsa gilashin kowa yana gani, amma ganyen yana tsaye, domin gilashin taga yana tare gajeren zangon. Ana zare gilashin ganyen ya fara sauka. Bayan haka a ɗora cajin giɓi a haska babu gilashi. Ganyen ba zai sauka ba sai irin saukar yoyo da aka auna tun farko, domin ko da haske ya fizgo elektiron, ƙarfen da yake da giɓi yana janyo shi ya dawo nan take. Da iskar ce ta lalace, da caji iri biyun duka sun zube. Wannan shi ne abin da Wilhelm Hallwachs ya gani a Jamus a 1888 da farantin tutiya, shekara guda bayan Heinrich Hertz ya lura cewa hasken ultrabayolet yana sauƙaƙa tashin tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu.

Na ƙarshe shi ne nisa. A ninka tazarar fitilar, a auna lokacin da ganyen zai ɗauka kafin ya rufe. Zai daɗe fiye da na farko, amma zai rufe, domin ƙwayoyin hasken da suke isa farantin sun ragu, kuzarin kowace guda kuwa yana nan yadda yake.

Idan fitilar UV-C ta gagara samuwa sam, a nemi zaren magneziyom a wajen malamin kimiyyar sinadarai. Kuzarin da yake nema wajen 3.7 ne a ma'aunin da za a gani a ƙasa, saboda haka idan aka goge shi sosai aka naɗa a kan wayar, hasken ranar tsakar rana yana iya sauke cajinsa, a waje, ba ta bayan gilashin taga ba. Rana da tutiya kuwa ban ba da shawarar a dogara da su ba, domin iskar sararin sama tana tare kusan duk hasken da zangonsa ya gaza nanomita 290, kuma daidai nan ne iyakar tutiya take. Wutar walda tana fitar da hasken da ake bukata, amma ba wurin da za a kai aji ba ne.

Mataki na 6: Lissafin kuzari

Ana auna kuzarin foton da elektiron-bolt, a taƙaice eV, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a raba 1240 da tsawon zango a nanomita. Jan leza mai 650 yana ba da 1.9, shuɗin da ke cikin farar tocila mai 450 yana ba da 2.8, tocilar duba kuɗi tana tsakanin 3.1 da 3.4, fitilar 254 kuwa 4.9. Tutiya tana neman wajen 4.3. A bar ɗalibai su yi rabon da kansu su jera sakamakon kusa da abin da aka rubuta a allo, za su ga cewa fitila guda ce ta haye 4.3. Elektiron ɗaya foton ɗaya yake karɓa, ba ya tara na 2.8 biyu ya haɗa, shi ya sa ƙara hasken tocila bai amfana kome ba. Wannan shi ne bayanin da Albert Einstein ya kawo a 1905, wanda aka ba shi lambar Nobel ta 1921 a kansa. Ragowar 0.6 eV ita ce mafi yawan kuzarin gudun da elektiron zai fita da shi.

Za a tambaye ka faifan sola, irin waɗanda suke kan rufin gidaje da waɗanda aka shimfiɗa a tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, me ya sa su hasken rana yake isarsu. Amsar ita ce a cikin silikon elektiron ba ya barin jikin abin, matsayi kawai yake sauyawa a ciki, kuma wajen 1.1 eV ya ishe shi.

Mataki na 7: Lissafin turi

A nan ya kamata malam ya rage sauri. Ka fara da tambayar da ba ta bukatar alƙalami: ta wane gefe elektiron suka fita? Haske ya taho daga fitila ya nufi cikin ƙarfen, elektiron kuma sun fito ta fuskar da aka goge, wato sun nufo wajen fitilar. Da bangaza ce kawai, da ciki za su ƙara nutsewa.

Sai alƙaluma. Momantum ɗin foton shi ne lambar Planck, 6.63 × 10⁻³⁴, a raba da tsawon zango a mita. Ga nanomita 254 ana samun 2.6 × 10⁻²⁷. Elektiron kuwa nauyinsa kilogiram 9.11 × 10⁻³¹ ne, kuma 0.6 eV daidai yake da 9.6 × 10⁻²⁰ a ma'aunin kuzari na jul, wanda yake ba shi saurin kusan kilomita 460 a daƙiƙa. Idan aka ninka nauyin da saurin, momantum ɗinsa 4.2 × 10⁻²⁵ ne. A raba na biyu da na farko, za a ga cewa elektiron ya fita da turi wajen ninki 160 na wanda foton ya kawo, kuma ta wata fuska dabam.

Tun da momantum ba ya samuwa daga babu, dole akwai wanda ya ɗauki bambancin, kuma shi ne ƙarfen kansa. Wanda ya yi tsalle daga kwale-kwale a bakin kogi yana tura shi baya, kowa yana gani. Idan daga babban jirgi ya yi tsallen, jirgin ya karɓi turin duk da cewa ido bai ga ya motsa ba. Haka farantin yake karɓar turin kowane elektiron da ya fita, kuma saboda nauyinsa kusan ba ya cin kome daga kuzarin. Foton ya kawo kuzari, ƙarfen ya ba da wurin dogarawa.

Domin a tabbatar wa masu shakka, a juya lissafin. A ɗauka elektiron yana shi kaɗai a fili babu ƙarfe, ya haɗiye foton ɗin nan ɗungurungum. Da momantum 2.6 × 10⁻²⁷ zai tafi da saurin kusan mita 2,900 a daƙiƙa, kuzarin wannan gudu kuwa wajen 0.00002 eV ne, alhali an ba shi 4.9. Lissafin biyu ba sa haɗuwa, shi ya sa elektiron da yake shi kaɗai ba ya iya haɗiye foton. Abin da zai iya shi ne ya karkatar da shi ya karɓi wani kaso.

Turin haske gaskiya ne, ƙanƙanta ce ta yi masa yawa. Ranar tsakar rana tana sauke kusan wat 1,000 a kan murabba'in mita guda, kuma idan aka raba wannan da saurin haske, turin da yake yi wa baƙin abu mai wannan faɗi bai wuce nauyin sulusin miligiram ba. Ƴar fankar nan mai fikafikai baƙi da fari da take juyawa cikin ƙwan gilashi idan an sa ta a rana, wadda wasu suke kawowa hujja, ragowar iskar da ke cikin ƙwan ce take juya ta idan baƙin gefen ya yi zafi, kada a kafa hujja da ita.

Mataki na 8: Inda turin yake bayyana sarai

Karon da foton yake miƙa wa elektiron turinsa kai tsaye ba a iya nuna shi da kwalba, domin yana bukatar hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Amma ana iya yin sa a allo da alƙaluman Arthur Compton, wanda ya wallafa sakamakonsa a Amurka a 1923, ya kuma sami Nobel a 1927. Ya haska girafit, wato baƙin da ke cikin fensir, da hasken X mai zangon nanomita 0.071, ya auna hasken da ya karkace, ya tarar zangonsa ya ƙaru. Kuzarin irin wannan foton ya haura 17,000 eV, saboda haka ƴan eV da suke riƙe da elektiron na waje a cikin girafit ba su da wani tasiri, kamar shi kaɗai yake. Ƙarin zangon shi ne nanomita 0.00243 a ninka da (1 − cos θ), inda θ take kusurwar karkatar. Ga hasken fitilarmu wannan ƙari bai wuce kashi biyu cikin 100,000 na zangon ba, shi ya sa ba a ganinsa sai da gajeren zango ƙwarai.

A ɗauki kusurwar digiri 90, domin lissafinta bai wuce na Pythagoras ba, wanda duk mai shirin jarrabawar bakaloriya ya sani. A raba ajin gida biyu. Rukuni na farko su bi ta kuzari: zangon ya tashi daga 0.07100 zuwa 0.07343, su raba 1240 da kowanne, za su sami kusan 17,465 da 16,887, bambancin wajen 580 eV, shi ne abin da foton ya rasa. Rukuni na biyu su bi ta turi: momantum ɗin shiga 9.34 × 10⁻²⁴, na fita 9.03 × 10⁻²⁴, kuma tun da suna kan kusurwar digiri 90, na elektiron shi ne dogon gefen alwatikar, wato kusan 1.30 × 10⁻²³, yana fuskantar gaba da gefe. Su ninka shi da kansa, su raba da ninki biyu na nauyin elektiron, su mayar da jul zuwa eV ta hanyar rabawa da 1.6 × 10⁻¹⁹. Su ma wajen 580 za su samu.

Ka gargaɗe su tun farko kada su datse lambobi a tsakiyar lissafi. Wanda ya mayar da 0.07343 ta zama 0.073 zai sami bambancin da bai kai 500 ba, ya zo yana cewa rukunin ɗayan ne suka yi kuskure. A riƙe lambobi huɗu masu ma'ana har zuwa layin ƙarshe, sa'an nan wakilin kowane rukuni ya fito ya rubuta nasa sakamakon a allo kusa da na ɗayan.